Dajin Da Baba Ya Guje Wa

Shafi na 17

Masu biyo ni ta inbos kuna cewa Malama Hulda ta shanya ku kwana huɗu, na ga saƙonninku. Ba jan aji nake ba. Shafin nan ne ya ƙi rubutuwa, sau uku ina farawa ina gogewa. Ga shi nan yadda ya fito, ku yi haƙuri da shi.

Kun tuna inda muka tsaya. An tashi daga sujada a cocinmu na Kafanchan, ina neman hanyar fita, Sista Faustina ta kamo hannuna a bakin get. Ita ce nas ɗin da ta yi wa Babana tafinta ranar da Mama ta kai shi asibiti, wata takwas ke nan. Ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ta jefo min tambaya, wai me muke jira da ba mu dawo da Baba Andrawus ba, ranar komawarsa ta wuce da wata biyu cur.

Na ce wace komawa?

Ta dube ni sama da ƙasa, irin kallon da ake yi wa 'yar da ba ta san ciwon ubanta ba, sannan ta warware min komai a tsaye. Likita ya sami ƙwayar ciwon hanta a jinin Baba, hoton ciki kuma ya nuna hantar ta fara tauri. Ba ta rikiɗe ta zama cutar kansa ba tukuna, ya ce da sauran dama in an kiyaye. Burukutu kam ko ɗigo, a rabu da ita har abada. Garin tabar da yake shaƙa a zubar. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna kar ta shiga tukunyarsa, a cika masa ganye a abinci. Da likita ya ji manomi ne har murna ya yi, ya ce ya ci gaba da motsa jikinsa a gona, kar dai ya wuce ƙarfinsa. Bayan wata shida a dawo a sake hoto.

Ni kuwa abin da Mama ta ce min a waya ran nan, ina tsakar sa ido a jarrabawar ɗalibai, bai wuce wannan ba: hanta ce, an ba da magani, an ce ya huta. Na ce mun gode Ubangiji, na kashe waya. Malamar kimiyya guda, mai tsayawa gaban allo tana zana hanta da alli, ko takardar asibiti ban ce a nuna min ba. Kunyar wannan ce ta hana ni komawa ɗaki in cire kayan coci. A bakin get ɗin na tare okada, na ce ƙauyenmu, bayan Fadan Kagoma.

Ban ma isa gida ba na hango shi.

Gidan Milka mai burukutu a bakin hanya yake, kafin ka karya kwanar gidanmu, kuma ranar Lahadi da rana ƙarƙashin mangwaronta ya fi wata majami'ar cika. Baba na tsakiyar benci da kwat ɗinsa na zuwa coci, ƙwarya a kan gwiwa, yana ba da labari da hannu ɗaya. Nan na sallami mai okada.

"A'a, Malama ne," ya ce, fuskarsa ta washe. "Kin zo ba notis."

Na durƙusa na gaishe shi, na bi dattawan ɗaya bayan ɗaya, kowa sai ya tambayi 'yan makaranta da ruwan Kafanchan. Da na gama na zagaya ta kunnensa na dama, don na hagun ya daɗe da mutuwa.

"Baba, ranar da kuka je asibiti, me aka ce yana damunka?"

Ni na yi ƙasa da murya. Shi bai ga dalili ba.

"An ce ciwon daji yana nema na."

"Sai aka ce ka yi yaya?"

"Sai na bar masa dajin mana." Ya ɗaga ƙwarya ya kurɓa, ya goge baki da bayan hannu. "Wata takwas ƙafa na bai tsallake rafi ba. Tambaya su. Ko itace ba na zuwa. Citta na bara 'yan'uwa ne suka tona min, bana ko shuka ban yi ba. In ciwo yana daji, ni ina gari, a ina za mu haɗu?"

Bencin gaba ɗaya ya gyaɗa kai. Baba Zamani, tsohon mai gadin firamarenmu, ya ce duk ƙauyen nan ba mai bin dokar likita kamar Andrawus, ya kamata a ba shi satifiket. Ya ce shi ma tun da ya ji labarin ba ya shiga gona sai ya ɗaura hankici a hanci. Wani daga ƙarshen benci ya ce a raɓar safe ciwon yake, wani ya ce a'a, a ciyawa ne. Suka kama musu a kai, kowa da hujjarsa.

Abin dariya ne, amma ni kuka ya so ya sa ni.

Mu nan kansa muke cewa, kowace tsohuwa ta san sunan kuma tana tsoronsa. Sista Faustina ta gaya min da gangan ta kauce masa, don tsofaffi da sun ji sai gwiwarsu ta sage. Sai ta ɗauko sunan da ake faɗa a rediyo, ta ce masa in bai kiyaye ba abin zai iya zama ciwon daji. Baba kuwa Hausarsa ta kasuwa da ta coci ce. Daji a wurinsa wuri ne, yana da hanya, yana hayin rafi, can gonar cittarsa take.

Ina tsaye Milka ta zo ta ƙara masa ba tare da ya nema ba, alamar ta san ma'auninsa. Hannuna ya yi ƙaiƙayi in fizge ƙwaryar in kifar. Amma yaya zan yi in tsaya gaban sa'o'insa in ce abin da yake taƙama da shi wata takwas wauta ce? Uba ne. Na ce zan ƙarasa gida, ya ce in gaya wa Mama yana nan tafe in rana ta yi sanyi.

Daga mangwaron Milka zuwa ƙofarmu bai kai tafiyar minti biyar ba, amma a ciki na gama haɗa lissafina. Baba bai ji da kyau ba, Hausa ta ruɗe shi, na yarda. Mama fa? Mama Afiniki kunnuwanta biyu ras, Hausarta ta fi tasa nesa ba kusa ba, shekara goma tana jagorantar addu'a a zumuntar mata. Matar da ta yi shekara talatin tana yaƙi da ƙwaryar nan, har ta taɓa kwasar matan zumunta suka je ƙofar Milka suna waƙar tuba. A Kirsimetin da ya wuce na ga ita da kanta ta miƙa masa hula zai fita wurin shan, na ce a raina tsufa ya sasanta su.

A bayan kicin na same ta, zaune kan tabarma ta miƙe ƙafa, tiren gyaɗa a cinya. Ba ta ji shigowata ba, sai na tsaya ina kallo. Tsinta take ɗaya bayan ɗaya. Mai kyau ta wuce gefe, wadda ta yi baƙi ko fumfuna ta jefa a wani ɗan kwano. Da kwanon ya taru ta miƙa hannu ta juye shi cikin wuta. Mamata ke nan, wadda ko ƙwaya ɗaya ba ta zubarwa, wadda ta raine mu da cewa wuta na kashe komai. A kan murhu gwaten acha ne ke tafasa, ganye ya yi masa yawa har ba ka ganin achar. Na waiga tagar ɗakin Baba inda kwalbar tabarsa ke zama tun ina yarinya. Babu ita.



"Ashe kin ji duka," na ce.

Ta ɗago a firgice, ta dafe ƙirji, sannan ta yi ƙoƙarin murmushi. Ta ce yaushe na iso, me ya sa ban kira ba, dubi yadda taɓo ya ɓata min zani. Ta tambaya ko na ga Baban Yafet a hanya. Har yau haka take kiransa, da sunan yayana, ko da yake Yafet ya shekara biyu a ƙasa.

"Na gan shi. Na ga Sista Faustina ma."

Hannunta ya tsaya a cikin gyaɗar.

"Mama, kin ji na gyaɗa. Kin ji na ganye. Kin ji na taba. Na burukutu ne kaɗai ya wuce kunnenki?"

Ta mayar da idonta kan tiren.

"Wa ya ce masa a daji ake ɗaukan ciwon?"

"Zauna, Hulda."

"Ba zan zauna ba."

"To tsaya." Ta ci gaba da tsinta, ba ta dube ni ba. "Ni ne."

Na san amsar tun daga hanya, amma jin ta daga bakinta daban ne. Na zauna ɗin da na ce ba zan yi ba, a kan dutsen niƙa.

Ta ba ni labarin a hankali, kamar na wasu mutane. Ta ce a ofishin likita Baba bai kama komai ba sai kalma biyu, don kunnensa mai kyau bango yake fuskanta, ga janareta na ƙara. Yana ta gyaɗa kai ne don kar a ce bai waye ba. Sai da suka fito baranda, yana ɗaura igiyar takalmi, ya tambaye ta da yarenmu, wane irin ciwo ne wannan na daji.

"Ban shirya ba," ta ce. "Allah yana gani ban fito gida da shi ba. Baki na ne ya faɗa. Na ce a daji yake, likita ya ce ka bar daji."

"Kin san me ake nufi da shi?"

"Kansa. Na sani."

"Kin sani, Mama."

"Shi ya ci Joanna. Wa ya yi jinyan sa in ba ni ba?"

Joanna ƙanwarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Mama ba ta raba mace da namiji a Hausarta, kowa shi ne.

Nan na fashe. Ban yi ihu ba, don katangarmu ba ta riƙe magana, amma na faɗi abin da ban taɓa zaton zan faɗa wa uwata ba. Na ce likita ya ba mutum dama ta karɓe ta ɓoye. Na ce ta raba shi da aikin da ke riƙe da jikinsa ta zaunar da shi a kan benci, abu ɗaya da aka ce shi ne zai kashe shi ta bar masa ƙofarsa a buɗe. Na ce wadda ta ga yadda Anti Joanna ta ƙare, ta koma ƙashi da fata, ita ce za ta tura mijinta wannan hanyar da hannunta. Na tambaye ta ko ta gaji da shi ne.

Ta bar ni na gama tas. Sannan ta ajiye tiren a ƙasa, ta kakkaɓe zaninta.

"Joanna ya yi shekara biyu," ta ce. "Na yi masa wanka. Na ba shi kunu a baki. Fasto ya zo, mun yi addu'a, ya kira yaran sa ɗaya ɗaya ya sa masu albarka. Ya mutu a kan katifa, kai na sa a ƙafa na."

Ta ɗago ido ta dube ni, karo na farko.

"Yafet fa?"

Ta ɗora da kanta.

"Ke kina Kafanchan, waya aka kira ki. Kin zo an riga an rufe shi da zani. Ni abinci na kai."

Ba ta taɓa faɗa min wannan ba. Abin da na sani shi ne abin da kowa ya sani: wasu mutane da har yau ba a san ko su wane ne ba sun same shi shi kaɗai a gonar citta, hayin rafi, da hantsi, suka kashe shi. Ban san ita ta fara isa ba. Ta ce ta tsallake rafi da kwano a ka tana kiran sunansa, tana mita a ranta wai ya yi nisa. Ta ce garmarsa ta fara gani a tsaye cikin kunyar citta. Ta ce da ta ajiye kwanon ta durƙusa a kansa, har ta gama kururuwa mutane suka iso, kunun da ta dama masa bai huce ba.

"Bayan mun binne shi da sati biyu Baban ka ya ɗauki garma," ta ce. Ni ma in ranta ya ɓaci, Baban ka take ce min, ba Baban ki ba. "Gona ɗin nan. Kunya ɗin nan. Na roƙe shi, ya ce in ya bari masu kashe Yafet sun ci sau biyu. Fasto ya roƙe shi. Dattawa sun ce a dinga tafiya a ƙungiya, shi kafin ƙungiya ya taru ya tsallake. Shekara ɗaya da wata huɗu, Hulda. Kullum ya fita, ni ina nan, ina jin kowane mashin da ya tsaya a ƙofa. Kin san yadda mutum yake dafa abinci bai san ko mai ci zai dawo ba?"

Na ce to ai da ta hana shi dajin, ta hana shi ƙwaryar ma. Me ya sa ba ta faɗa masa duka biyun ba, ta ce likita ya hana wannan ya hana wancan?

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ta ce ina ganin ba ta gwada ba? Sati biyun farko ta ce masa magani ba ya shiri da burukutu, ya haƙura. Ya zauna a tsakar gida yana kallon kaji. Ya gyara ƙofar da ba ta lalace ba. Ta nuna masa ɗan filin bayan gida ya sa alayyafo, ya ce shi ba mace ba ne. Rana ta goma sha biyar ta fito da sassafe ta same shi ya saɓa garma, wai zai je ya leƙa kawai, zai toshe hanci. Ta riƙe masa riga har ta yage. Da yamma ita da kanta ta ce masa maganin ya ƙare, ya je wurin 'yan'uwansa ya sha iska.

"Namiji kamar Baban ki ba ya zama hannu banza," ta ce. "In ba garma, ƙwarya ne. Na duba biyu ɗin, na zaɓa wanda zai dawo min da shi gida da yamma."

"Na wata nawa, Mama?"

"Ban sani ba. Amma jiya ya dawo. Shekaranjiya ya dawo."

Na ce to zan tafi da shi, ya zauna a wurina. Ta ce ɗakina ɗaya da labule a tsakiya, kwana uku ba zai yi ba zai nemo motar gida, kuma Kafanchan ba a rasa masu dafa burukutu ba. Na ce a kira Fasto ya yi masa magana. Ta ce Fasto zai fara da gaskiya, gaskiyar kuma ita ce likita bai hana shi gona ba. Na ce a sayar da gonar. Ta ce in je in faɗa masa da bakina, a sayar da inda jinin ɗansa ya zuba. Duk ƙofar da na taɓa sai in tarar ta riga ni taɓawa, ta same ta a kulle.

Asibitin ma tsoro ne ya hana ta mayar da shi. Ta san da sun shiga za a tambaye shi ya burukutu, shi kuma zai ce ai daji aka hana shi, magana ta fito.

Sai ta faɗi wanda ya ƙarasa karya ni. Ta ce tun ran nan ba ta ƙara cin Jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ruwan inabin da ake rabawa a coci. In an zo miƙa mata sai ta sunkuyar da kai tire ya wuce. Jagorancin addu'a ma ta ajiye, ta ce wa mata muryarta ce ta dushe. Ta ce ta san zunubi ne, kullum tana faɗa wa Yesu, amma ba ta iya cewa ta tuba ba, don in aka maido ta barandar nan gobe abin da za ta sake faɗa ke nan.

Haushinta da na taho da shi ban san inda ya shiga ba. Tausayinta nake ji, da tausayin Baba, da haushin kaina. Ni ma fa da aka ce an hana shi gona daɗi na ji. Na kwana lafiya wata takwas a kan ƙaryar da ban tambayi tushenta ba, don ta yi min daidai.

"Yanzu kin sani," ta ce. "Ke ne mai ilimi. In kin gaya masa, gobe da safe yana hayin rafi. In ba ki gaya masa ba, yana gidan Milka. Zaɓa. Ni na gaji da zaɓa ni kaɗai."

Gwaten ya fara kamawa, ƙaurinsa ya taso, ba wadda ta motsa a cikinmu.

"Malama."

Daga bayanmu muryar ta fito.

Baba ne, yana tsaye a kwanar kicin, tsakanin bango da rumbu, hularsa a hannu. Ya karkato kansa gefe yadda yake yi in yana son kunnensa mai kyau ya kama magana. Rana ba ta yi sanyi ba. Ashe don ni ya baro bencin da wuri, kuma ban san tun yaushe yake wurin ba.

Mama ta yunƙura za ta tashi, ta koma ta zauna.

Bai dube ta ba. Ya tako a hankali, ya kifa turmi ya zauna a kai, ya ɗora hular a gwiwa. Warin burukutu na tashi a jikinsa, amma idonsa tar, ba alamar maye.

"Wannan ciwon daji," ya ce, "ba a daji yake ba?"

Na dubi Mama. Ta rufe ido.

"A'a, Baba."

"A ina yake?"

"A jikin mutum yake tsirowa. Shi ne wanda muke ce wa kansa. Suna ne kawai Hausawa suka ba shi."

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda ake karanta wa wasiƙa.

"Gona bai kawo shi?"

"Bai kawo shi."

"Ƙwarya fa?"

Na rasa yadda zan faɗa ya yi sauƙi, sai na faɗa yadda zai gane.

"Ga mai irin hantarka, kamar taki ne gare shi."

Wata kaza ta zo ta sa baki a tiren gyaɗa, ba wanda ya kore ta. Na jira faɗa, na jira ya tashi ya yi jifa da turmin, don Baba mutum ne mai zuciya. Da ya yi hakan da ya fi min sauƙi.

"Afiniki," ya ce.

Tun da nake ban taɓa jin ya kira ta da sunanta ba. Maman yara yake cewa.

"Wata takwas ina zuba masa taki. Safe da yamma. Ina gaya wa mutane ni ne mai bin doka."

"Ka yafe ni," ta ce. "Ban so in kai abinci sau biyu ba."

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Hannunsa ya kai kan maɓallin kwat, ya ɓalle na farko, ya ɓalle na biyu. Na ukun ya ba shi wahala. Ya ɗage singiletinsa, ya miƙo hannu ya kama nawa, ya ja ni kusa. Ya ɗora tafina a gefen cikinsa na dama, daidai ƙarƙashin haƙarƙari, ya danna da nasa a kai.

Wani abu ne a wurin. Tauri gare shi, ba santsi, kamar ka taɓa citta ta cikin buhu.

"Tun bikin Ista," ya ce. "Ban gaya wa kowa ba. Na ce ba zai zama shi ba, tunda ban shiga daji ba."

Mama ta sa hannu biyu ta toshe bakinta.

"Malama, kin yi karatu. Gaya min da Hausa wanda zan gane, kar ki zaɓa min kalma." Ya ƙara danna hannuna. "Ya tsiro ne, ko da saura?"

Hannuna na kan abin, ina jin numfashinsa na ɗaga shi yana saukewa. Mama na kallon bakina. Shi ma bakina yake kallo, ya juyo min da kunnensa na dama.